Wasiƙun da ke Komowa ga Wanda Bai Aika Ba: Jabun Adireshi a Harkar Imel da Hanyoyin Magance Shi

1.0 Gabatarwa

Ma'aikacin da ya buɗe akwatin imel ɗinsa da safe ya tarar da sanarwa ɗari uku ko fiye, kowace tana shaida masa cewa wasiƙar da ya aika ba ta isa ba, alhali kuwa bai aika ko ɗaya ba, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne an sace masa kalmar sirri. Idan ya duba sunayen waɗanda aka ce ya rubuta wa, bai san kowa ba a cikinsu. Idan ya duba abin da aka ce ya rubuta, sai ya ga tallan magunguna ne, ko albishirin cin wata caca, ko takardar neman biyan bashin da babu shi. A tsakiyar wannan tarin kuwa akwai sanarwa guda ta gaskiya, wadda ke cewa rahoton da ya aika wa hedikwata jiya bai shiga ba, amma ba zai gan ta ba, domin ta nutse. Haka ɗalibin da ke jiran amsar neman gurbin karatu ko tallafi yake iya share amsar da hannunsa, garin share tarkacen da ya cika masa akwati.

Hausawa kan ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan al'amari ruwan yana dukan tsuntsun da bai ja shi ba. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda haka ke faruwa, da abin da ya kamata mai adireshi ya yi, da kuma abin da ya rataya a wuyan masu kula da na'urorin wasiƙu a jami'o'i da ma'aikatu. Za a yi amfani da kalmomi uku a kai a kai. Shara ita ce wasiƙun talla ko na damfara da ake watsa wa dubban mutane ba tare da sun nema ba. Sanarwar komowa ita ce takardar da na'ura ke rubutawa da kanta don ta shaida wa mai aikawa cewa wasiƙarsa ba ta isa ba. Tartsatsi kuwa shi ne sanarwar komowar da ta faɗa kan mutumin da aka yi ƙarya da adireshinsa.

2.0 Tsarin da Aka Gina Kan Amana

Ba za a fahimci matsalar ba sai an koma ga asalin imel. A shekarar 1971 ne wani injiniya a Amurka mai suna Ray Tomlinson ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata ta kan ARPANET, watau hanyar sadarwar da daga bisani ta haifi intanet, kuma shi ne ya zaɓi alamar @ don ta raba sunan mutum da sunan na'urarsa. A watan Agusta na 1982 Jon Postel na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya wallafa ƙa'idar miƙa wasiƙu tsakanin na'urori, wadda ake kira SMTP, a takarda mai lamba RFC 821. An yi wa wannan ƙa'ida kwaskwarima a 2001, aka sake yi mata a 2008, amma ginshiƙinta yana nan yadda yake, kuma a kanta ne wasiƙun imel ke tafiya har yau.

A zamanin da aka tsara ta, masu amfani da hanyar 'yan kaɗan ne, yawancinsu malaman jami'a da masu bincike, kuma wanda ya yi abin assha ba shi da wurin ɓuya. Saboda haka ƙa'idar ba ta tanadi wata hanya ta tantance mai aikawa ba. Duk sunan da na'ura mai aikawa ta faɗa, shi na'ura mai karɓa za ta rubuta. Wannan bai bambanta da gidan waya na gargajiya ba, inda mutum kan rubuta adireshinsa a bayan ambulan don a mayar masa da wasiƙa idan ba a sami mai ita ba. Ma'aikacin gidan waya yana duba kan sarki ne da adireshin gaba, ba ya tambayar ko adireshin baya na mai jefa wasiƙar ne. Bambancin shi ne, a gidan waya kowace wasiƙa sai an saya mata kan sarki, don haka mai ƙarya ba zai iya aika miliyan guda ba, amma a imel kuɗin da za a kashe wajen aika miliyan bai taka kara ya karya ba.

An fara ganin alamun ɓarna tun kafin ƙa'idar ta fito. A watan Mayu na 1978 wani ɗan talla na kamfanin kwamfuta na DEC, Gary Thuerk, ya aika tallan sabuwar na'ura ga mutane kusan 400 a kan ARPANET, kuma ana ɗaukar wannan a matsayin shara ta farko. Sai dai shi da sunansa ya aika, ya kuma sha suka. Waɗanda suka biyo bayansa a shekarun 1990 sun koyi darasi, suka daina sa sunansu.

3.0 Ambulan da Takarda

Kowace wasiƙar imel tana da adireshin mai aikawa har guda biyu, kuma rashin sanin wannan shi ne tushen ruɗanin da mutane ke shiga. Na farko yana kan ambulan, watau bayanin da na'urori biyu ke yi wa juna kafin a miƙa wasiƙa. Na biyu yana kan takardar da ke ciki, shi ne wanda mai karatu ke gani a saman wasiƙa. Babu wani abu a tsohuwar ƙa'idar da ya tilasta waɗannan biyu su zo ɗaya, ko ma ɗayansu ya zama gaskiya.

Babbar kwamfutar da ke karɓar wasiƙun wata ma'aikata tana rarraba su, ita ake kira uwar garke. Idan na'ura mai aikawa ta tuntuɓe ta, sai su yi wata gajeriyar muhawara mai matakai sanannu. Mai aikawa za ta gabatar da kanta, ta faɗi daga wanda wasiƙar ta fito, ta faɗi wanda za a ba, sa'an nan ta miƙa takardar. A kowane mataki uwar garke tana amsawa da lamba mai harufa uku. Lamba 250 tana nufin an karɓa. Lambobin da suka fara da 4 suna nufin akwai matsala ta ɗan lokaci, a sake gwadawa nan gaba, kuma ƙa'ida ta ce na'ura ta ci gaba da gwadawa har kwana huɗu zuwa biyar kafin ta haƙura. Lambobin da suka fara da 5 kuwa, kamar 550, suna nufin an ƙi karɓa ƙi na har abada, alal misali saboda babu mai wannan suna a gidan.

Akwai sharaɗi guda mai nauyi a cikin ƙa'idar. Da zarar uwar garke ta ce 250 bayan an miƙa mata takarda, to wasiƙar ta zama amana a hannunta: ko ta isar da ita, ko ta sanar da mai aikawa cewa ta kasa. Wannan sanarwa adireshin kan ambulan take bi. Ita kanta sanarwar ana barin gurbin mai aikawa na kan ambulan ɗinta fanko, don kada na'urori biyu su riƙa mayar wa juna da sanarwa ba iyaka. Shi ya sa mai akwati ke ganin ta da sunaye irin su MAILER-DAEMON ko postmaster, waɗanda ba sunayen kowane mutum ba ne.

4.0 Yadda Tartsatsi ke Tashi

Mai watsa shara yana da dalilai na yin ƙarya da adireshin wani. Yana so ya ɓoye kansa, yana so wasiƙarsa ta yi kama da ta mutumin kirki don ta tsallake rariyar da ke tace shara, kuma ba ya so sanarwar komowa ta dawo masa, domin jerin adireshin da yake amfani da shi cike yake da matattun akwatuna. Don haka sai ya ɗauki suna daga cikin jerin nan nasa, ko daga shafin wata ma'aikata, ya liƙa a kan ambulan. Ba ya bukatar kalmar sirrin kowa don ya yi haka. Aikawar ma ba da na'urarsa yake yi ba, yana amfani ne da dubban kwamfutocin bayin Allah da ƙwayar cuta ta kama, masu su ba su sani ba.

Idan wasiƙar ta isa ƙofar wata uwar garke da sunan mutumin da babu shi, abu ɗaya cikin biyu ne zai faru. Uwar garken da aka tsara da kyau za ta duba jerin mutanen gidan nan take, ta amsa da 550 tun ana cikin muhawara. A nan wasiƙar ba ta shiga hannunta ba, nauyin sanarwa yana kan na'urar mai shara, ita kuwa ba ta damu da sanar da kowa ba, sai ta wuce gaba. Magana ta mutu ke nan. Amma uwar garken da ke karɓar kome da kome tukuna, sa'an nan daga baya ta bincika, idan ta gano babu mai sunan, ko akwatinsa ya cika, tilas ta rubuta sanarwa, kuma adireshin ƙaryar nan shi kaɗai ke gare ta. Daga nan tartsatsi ke tashi.

Don a ga girman abin, a ƙaddara mai shara ya aika wasiƙa miliyan 1 da adireshin mutum guda, kashi 10 cikin 100 na akwatunan matattu ne, kuma kashi 10 cikin 100 na waɗannan suna bayan uwar garke mai karɓa kafin bincike. Sanarwa 10,000 ke nan za su nufi akwati ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba sanarwar komowa kaɗai ke zama tartsatsi ba. Amsar da akwati ke bayarwa da kansa cewa mai shi yana hutu ita ma tana bin adireshin ƙarya. Haka saƙon da wasu na'urori ke aikawa suna neman baƙo ya tabbatar da cewa shi mutum ne kafin a shigar da wasiƙarsa, da gargaɗin da manhajar kashe ƙwayoyin cuta ke aikawa cewa an sami cuta a wasiƙar wane. Duk waɗannan an ƙirƙiro su da kyakkyawar niyya, amma idan adireshin jabu ne, su ma shara ce a wurin wanda suka faɗa wa.

5.0 Shekarun da Abin Ya Zama Annoba

Wani lokaci da gangan ake zaɓar mutum don a cuce shi. Sanannen misali ya faru a watan Janairu na 1997, lokacin da mai wani gidan shafuka a Amurka da ake kira joes.com ya kori wani mai hulɗa da shi saboda watsa shara. Korarren ya rama ta hanyar watsa sabuwar shara da sunan mai gidan, sai sanarwa da ƙorafi da zagi suka yi wa gidan rubdugu har aikinsa ya tsaya. Tun daga lokacin masana ke laƙaba wa irin wannan ɗaukar fansa sunan Joe.

Abin da ya mayar da matsalar ruwan dare kuwa shi ne ƙwayoyin cutar kwamfuta masu yaɗa kansu ta imel. Ƙwayar Klez, wadda ta ɓulla a ƙarshen 2001 ta yi ƙamari a 2002, takan tattara adireshi daga kwamfutar da ta kama, ta ɗauki ɗaya ta sa a gurbin mai aikawa, ta aika kanta ga wani. Sakamakon haka mai kwamfutar da ta kamu yana zaune lafiya bai san kome ba, abokinsa mai lafiyayyar kwamfuta shi ke shan zargi. Sobig.F ta yi irin wannan a watan Agusta na 2003, kuma a lokacin gargaɗin da manhajojin kashe cuta suka riƙa aika wa mutanen da ba su ji ba su gani ba ya zama wata annoba ta biyu. A watan Janairu na 2004 Mydoom ta ƙara wata dabara, inda takan zo da kamannin sanarwar komowa, don mutum ya buɗe abin da aka maƙala yana neman ya ga wace wasiƙarsa ce ta dawo. Wannan dabara ba ta mutu ba, masu damfara suna amfani da ita har yau wajen satar kalmar sirri.

Hukumomi sun sa doka. Amurka ta kafa dokar CAN-SPAM a 2003, wadda ta haramta yin ƙarya a bayanan kan wasiƙar talla. A Nijeriya dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci kan watsa shara da damfara ta imel da yaɗa ƙwayoyin cuta. Sai dai doka tana aiki ne a kan wanda aka kama, mai shara kuwa galibi yana wata ƙasa, yana aiki da na'urorin da ke warwatse a ƙasashe da dama. Saboda haka maganin da ya fi tasiri na fasaha ne.

6.0 Abin da Mai Adireshi Zai Yi

Mataki na farko shi ne a bambance tsakanin ƙarya da adireshi da kuma sace akwati, domin alamunsu suna kama amma maganinsu daban ne. Mai akwati zai duba jakar wasiƙun da aka aika, ko akwai abin da ba shi ya rubuta ba. Wannan kaɗai bai isa ba, tun da ɓarawo yana iya share sawunsa, don haka zai duba tarihin shiga akwatin, wanda Gmail da Outlook da makamantansu ke nunawa, ya ga ko an shiga daga wata na'ura ko ƙasar da bai sani ba. Zai kuma duba ko an kafa wani umarni na tura wasiƙunsa zuwa wani adireshi a ɓoye. Idan waɗanda wasiƙun suka nufa abokansa ne da abokan aikinsa, zargin sata ya yi ƙarfi. Idan kuwa baƙi ne zalla, kuma babu alamar shiga, to mai yiwuwa ƙarya kawai aka yi da sunansa.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin sanarwar kanta, domin yawancin sanarwa suna ɗauke da bayanan kan wasiƙar da ta kasa isa. Kowace na'urar da wasiƙa ta ratsa tana ƙara layi guda a sama, mai nuna daga wace na'ura ta karɓa da kuma lokaci. Mai shara yana iya ƙirƙirar layukan ƙasa, amma ba shi da iko kan layin da uwar garken da ta rubuto sanarwar ta ƙara da kanta. Idan wannan layi ya nuna wasiƙar ta fito ne daga na'urar da ba ta da alaƙa da ma'aikatar mai adireshi, an wanke shi. Wanda bai iya karanta layukan ba sai ya kai wa jami'in kula da kwamfuta na ofishinsa sanarwa biyu ko uku cikakku.

Idan an tabbatar sata ce, sai a canza kalmar sirri nan da nan, a kafa tabbaci mai hawa biyu, watau lambar da ke zuwa ta waya bayan kalmar sirri, a kuma sanar da ofis. Idan ƙarya ce kawai, canza kalmar sirri ba laifi ba ne, amma ba zai tsayar da tartsatsi ba, domin wasiƙun ba daga akwatin suke fita ba. Abin yi shi ne a kafa rariya ta wucin gadi da za ta riƙa tara sanarwar komowa a jaka ta daban, a riƙa leƙa ta ana neman sunan wanda aka rubuta wa da gaske. Kada a amsa sanarwar, kada a buɗe abin da aka maƙala mata, kada kuma a latsa wata mahaɗa da ke cewa a shiga a karɓi wasiƙun da suka maƙale. Jefar da adireshi ma ba dole ba ne, domin masu shara ba su cika daɗewa kan suna ɗaya ba, kuma sau da yawa ruwan kan ɗauke cikin 'yan kwanaki.

7.0 Nauyin da ke Kan Masu Kula da Uwar Garke

Aikin mai kula da uwar garke kashi biyu ne: kada gidansa ya watsa wa wasu tartsatsi, kuma kada a sami sauƙin yin ƙarya da sunan gidansa.

Game da kashi na farko, doka guda ce, watau a ƙi wasiƙa a bakin ƙofa, kada a karɓa sa'an nan a mayar. Wajibi ne na'urar da ke fuskantar waje ta san sunan kowane mai akwati a gidan. Inda aka fi samun kuskure shi ne ma'aikatar da ta sa na'urar tace shara a gaba, ko uwar garke ta ko-ta-kwana, ba ta kuma ba su jerin sunayen ma'aikata ba, sai su karɓi kome su tura ciki. Binciken shara da na ƙwayar cuta ma ya kamata a gama shi kafin a ce 250. Abin da aka riga aka karɓa sa'an nan aka gane shara ce, sai a killace shi, ba a rubuta wa adireshin da ke kansa ba. Amsar hutu kuma a tsara ta bisa shawarwarin takarda mai lamba RFC 3834 ta 2004, yadda ba za ta amsa wa shara ko saƙon na'ura ba. Gidan da ya yi sakaci da wannan yana iya tarar da na'urarsa a cikin jerin waɗanda wasu gidaje suka sa wa takunkumi, daga nan wasiƙunsa na gaskiya ma su daina shiga.

Game da kashi na biyu, akwai matakai uku da suka dogara da DNS, watau rajistar da ke riƙe da bayanan kowane sunan gida a intanet. Sunan gida shi ne ɓangaren adireshi da ke bayan alamar @.

Na farko shi ne SPF, wanda aka fara yaɗa shi a 2003, aka wallafa shi a matsayin gwaji a 2006, ya zama cikakkiyar ƙa'ida a 2014. Mai gida zai rubuta a rajista jerin na'urorin da ya yarda su aika wasiƙa da sunansa. Uwar garke mai karɓa za ta gwama na'urar da ta zo mata da wannan jeri, idan ba ta ciki sai ta ƙi. Tun da adireshin kan ambulan SPF ke dubawa, shi ne ya fi shafar tartsatsi kai tsaye.

Na biyu shi ne DKIM, wanda ya samo asali daga wani tsari na kamfanin Yahoo, aka wallafa shi a 2007, aka sabunta a 2011. Wannan hatimi ne na lissafi da uwar garke ke buga wa kowace wasiƙa mai fita da wani mabuɗi na sirri, sa'an nan a ajiye abokin mabuɗin a rajista don kowa ya iya tantancewa. Wanda ba shi da mabuɗin ba zai iya buga hatimin ba, kuma idan aka sauya abin da aka hatimce a hanya, hatimin zai ƙi dacewa.

Na uku shi ne DMARC, wanda manyan kamfanonin imel da na kuɗi suka sanar a watan Janairu na 2012, aka wallafa shi a 2015. Shi adireshin kan takarda yake karewa, wanda mai karatu ke gani, ta hanyar neman ya dace da sunan da SPF ko DKIM suka tabbatar. Mai gida zai faɗi abin da yake so a yi da wasiƙar da ta faɗi jarrabawa: a bar ta a kawo masa rahoto, ko a killace ta, ko a ƙi ta. Hikima ita ce a fara da matakin rahoto na wasu makonni, har a gano duk na'urorin da ke aikawa da sunan gidan bisa halal, irin su na biyan albashi da na rajistar ɗalibai, kafin a hau matakin ƙi. Tun daga watan Fabrairu na 2024 Google da Yahoo suka wajabta waɗannan matakai uku a kan masu aika wasiƙu da yawa, inda Google ya sa iyakar a kan wasiƙa 5,000 a rana, kuma Microsoft ya bi sahu a watan Mayu na 2025. Jami'ar da ke rubuta wa dubban ɗalibai a rana guda tana cikin waɗanda wannan ya shafa.

Akwai kuma wata dabara da ake kira BATV, wadda aka yi ta musamman don tartsatsi. Uwar garke tana liƙa wa adireshin kan ambulan na kowace wasiƙa mai fita wata alama ta sirri mai ƙarewa bayan 'yan kwanaki. Sanarwar gaskiya za ta dawo da alamar, ta jabu kuwa za ta zo babu ita, sai a ƙi ta a ƙofa. Sharaɗinta shi ne duk wasiƙun gidan su riƙa fita ta ƙofa ɗaya. Har wa yau, sunan gidan da aka mallaka amma ba a aika wasiƙa da shi, kamar na tsohon sashe ko na taron da ya wuce, bai kamata a bar shi haka ba. Sai a rubuta a rajista cewa babu na'urar da aka yarda ta aika da sunansa, domin irin waɗannan kangaye masu shara ke nema.

8.0 Iyakar Magani

Kowane ɗaya daga matakan nan yana da rauni. SPF yakan ƙi wasiƙar gaskiya idan an tura ta daga wani akwati zuwa wani, domin na'urar da ta tura ba ta cikin jerin mai gida. A watan Afrilu na 2014, da Yahoo ya hau matakin ƙi na DMARC, wasiƙun masu hulɗa da shi da ke bi ta zaurukan tattaunawa na imel sun riƙa komowa, sai da aka sauya yadda zaurukan ke aiki. Bugu da ƙari, bayanin da mai gida ya rubuta a rajista ba ya amfani sai mai karɓa ya duba, kuma har yanzu akwai tsofaffin na'urori da ba su dubawa.

Akwai kuma maganin da ya fi cutar muni, wanda wasu kan ruga gare shi idan tartsatsi ya dame su, watau su rufe ƙofa ga duk saƙon da gurbin mai aikawarsa yake fanko. Ƙa'idar 1989 mai lamba RFC 1123 ta wajabta karɓar irin wannan saƙo, kuma dalilin a fili yake. Ofishin da ya toshe sanarwar komowa baki ɗaya ba zai ƙara sanin ko takardarsa ta isa ba, sai ranar da aka tambaye shi amsar abin da yake zaton ya aika tun watan jiya. An gudu ba a tsira ba ke nan.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa sanarwar komowar wasiƙar da mutum bai aika ba, ita kaɗai ba hujja ba ce cewa an shiga akwatinsa. Gado ne na tsarin da aka gina a 1982 kan yarda da juna, wanda masu shara suka mayar hanyar cin abinci. Mai adireshi yana da ɗan abin da zai iya yi: ya bincika, ya ware sanarwar a gefe, ya guji latsa abin da bai sani ba. Babban aikin yana hannun ma'aikata, kuma ba kayan aiki masu tsada yake bukata ba, illa jami'in da ya san aikinsa da shugaban da zai ba shi dama. Ya dace kowane shugaban sashe ya yi wa mai kula da uwar garkensa tambayoyi biyu: shin na'urar gidan tana ƙin wasiƙar da ba ta da mai ita tun a ƙofa, kuma shin an rubuta SPF da DKIM da DMARC na sunan gidan a rajista? Gidan da ya amsa duka biyun da i ya rage wa mutanensa wahala, ya kuma ɗauke wa wasu mutanen da bai taɓa sani ba.